Bashin Idona da Tarar Banki

Zuwa ga autata Ladi,

Gaisuwa mai yawa da sa albarka. Kin tashi lafiya? Ya aiki, ya haɗa kaya? Allah ya tsare ki inda kike da inda za ki, ya raba ki da sharrin hanya da sharrin mutum da na ƙarfe. Mu nan Ushafa lafiya lau, sai godiyar Allah.

Malama Rifkatu maƙwabciyarmu ce ke rubuta mini. Na ce ta sa magana yadda ta fito daga bakina, kada ta gyara. Da a waya zan gaya miki, to amma a waya katse ni kike, ki ce "Mama na ji, na ji," alhali ba ki ji ba. Takarda kuwa ba a katse ta.

Kafin komai, na gode, Auta. Na gode da idona. Shekara uku ina gina tukunya da lalube, sai hannu ya gaya mini inda ta karkace. Kika ɗauke ni zuwa asibiti a cikin gari, aka cire mini yanar nan, kika kwana uku a kan benci kina gadina. Yanzu ni ke sa wa kaina zare a allura. Jiya na hango tsaga a bakin kasko tun daga ƙofar ɗaki, na tsaya ina dariya ni kaɗai. Allah ya ba ki masu yi miki.

To ga abin da ya hana ni sukuni. Ran Laraba ina kwaɓa yumɓu waya ta yi ƙara. Wani namiji yana ta zuba Turanci, ban tsinci komai ba sai sunanki da "banki". Na ce ban ji ba. Sai ya miƙa wa wata mai jin Hausa, ta ce, "Mama, ke ce mahaifiyar Ladi? Lambarki ta ba mu. Don Allah ki ce mata ta ɗauki wayarmu." Na zauna a kan turmi da yumɓu a hannu. Ni dai a sanina, in hukuma ta fara neman mutum ta wajen uwarsa, to magana ta lalace.

Da kika zo ran Lahadi na tsare ki, sai da kyar kika faɗa. Ashe kuɗin aikin idona ba ajiyarki ba ce. Wani kati ne banki ya ba ki, mai ba mutum bashi ya kashe, ya riƙa biya duk wata. Kina biya lafiya, sai wata guda albashi ya makara, kika wuce ranar biya da kwana huɗu, suka ci ki tara. Kika ce, "Wallahi Mama ba zan biya ba. Ni na riƙe albashin? Fashi ne wannan da biro." Kika daina ɗaukar wayarsu, tara ta hau kan tara wata uku. Ga shi an canja miki wurin aiki zuwa Kalaba, ran Alhamis mai zuwa za ki hau mota, kina cewa in sun iya su bi ki can.

A ranar ban ce komai ba, don in kin hau fushi irin na babanki ne, sai an bari ya huce. Yanzu ki zauna ki ji. Ni ban san kati ba, ban san boko ba, amma bashi na san shi, mun daɗe tare. Kuma ba labarin kirkina zan ba ki ba, na wautata ne.

Tun kafin a datse ruwa a yi dam, lokacin ana tafiya Bwari a ƙasa da kaya a kafaɗa, ina goyon yayanki Danjuma. Damina ta yi nisa, rumbu ya ƙare, babanku yana kwance da ciwon ƙafa. Na je wajen wata mai sayar da hatsi a kasuwar Bwari, Gwaggo Asabe muke ce mata, na karɓi dawa a kan zan kawo mata tuluna ashirin bayan kasuwa uku. Na gina su tsaf. Sai ruwa ya ce bai san zance ba. Kullum hadari, kullum yayyafi, tuluna suka ƙi bushewa. In ka ɗora kunci a jikinsu sai ka ji sanyi, kuma kowace maginiya ta san tulun da ke da sanyi bai isa shiga wuta ba.

Kin san yadda muke gashi. Ba mai gasa nata ita kaɗai. Mata duka ake haɗuwa, kowa ta kawo ciyawa da itace, a jera kayan kowa a tsibi ɗaya a rufe a sa wuta. Doka ɗaya ce tun kakanni: ba a sa ɗanyen abu a ciki, don in ya fashe ba shi kaɗai yake tafiya ba.

Ranar biya ta matso, saura kwana biyu. Abin da ya kamata shi ne in taka zuwa Bwari in ce, Gwaggo, ruwa ya hana. Kunya ta hana ni. Na ce yaya zan kalli idon matar da 'ya'yana suka ci dawarta in ce babu? Sai na riga kowa zuwa wurin gashi, na jera tulunana a can tsakiya, na kewaye su da busassun kayan mutane don kada a taɓa a ji. Aka sa wuta. Ba a jima ba sai ji kake tas, tas, kamar ana harbi. Kowa ta yi cirko-cirko. Ni kuwa na san muryar kayana.

Da wuta ta mutu aka tone, nawa goma sha huɗu sun tarwatse, sun kuma fasa na mutane har da randa biyu na wata mai shirin aurar da ɗa. Shugabarmu a lokacin Iya Tani ce, wata 'yar tsohuwa da ba ta kai kafaɗata ba. Ta ɗauki tsingaro ɗaya, ta juya cikinsa, ta ga baƙi, ta ga kuma zanen bakin tulun. Ba ta tambayi kowa ba, ni ta kalla.

Aka yanke mini tara a wurin: duk abin da ya fashe na wata, in gina mata madadinsa, sannan ciyawar gashi biyu masu zuwa ni kaɗai zan yanko. Na fashe da kuka, na ce, "Iya, wannan zalunci ne. Ni na saukar da ruwan?" Kin ji ko? Maganarki ce sak, da bakina. Ta ce, "Ruwa na Allah ne, 'yar nan, ba mu ci ki tarar ruwa ba. Hannun da ya cusa ɗanyen tulu a tsakiya ya rufe, shi muka ci. Na wa ne?"

Na yi wata biyu ina gina wa mutane kaya kyauta, ina yankan ciyawa har hannuna ya tsattsage. Amma ba wannan ya fi ci mini rai ba. Da na ja ƙafa na je Bwari da tuluna shida, na durƙusa na ba Gwaggo Asabe labari, sai ta riƙe haɓa ta ce, "Kai, wannan yarinya da wauta! Ni a daminar nan wa zai sayi tulu? Da kin zo kin faɗa, ai sai in ce ki bari sai kaka." Wato duk wahalar nan a kan maganar da ba ta fi ƙiftawar ido ba na sha ta.

Don haka, Auta, makarar albashi ba laifinki ba ne, na yarda. Amma kin san ranar biya, kin ga albashi bai shigo ba, me ya hana ki taka ki gaya musu tun ranar ba ta zo ba? Da suka kira kuma kika kife waya, wannan hannun na wa ne? Mai binki bashi ki riƙa zuwa gare shi da ƙafarki tun yana murmushi. Ɓuya ba ta rage ko sisi, sai dai ta fasa kayan na kusa da ke. Ga shi ta fara, tunda ni aka kira.

Rifkatu ta ɗago kai ta ce wai na goyi bayan banki. Ban goya ba. Ku bari in gama.

Shekaru suka ja, Abuja ta cika, masu motoci suka fara zuwa sayen kayanmu don su dasa fure a ciki. Hannuna ya ɗan yi maiƙo, har na zama ni ke ba da kaya bashi. Kina aji uku a firamare lokacin. Akwai wata Talatu daga Masaka, mijinta ya rasu ya bar ta da yara huɗu, tana karɓar tukwane a wajena ta sayar a bakin titi, bayan sati biyu ta kawo kuɗi. Shekara biyu ba ta taɓa saɓawa ba. Sai wani karo ta yi sati biyar ba ta zo ba, ni kuma na sa rai da kuɗin don makarantarku. Da ta zo, ta ce masu rusau ne suka tashe su daga bakin titi, rabin kayan suka farfashe, ga abin da ta haɗa, cif yadda muka yi.

Maimakon in karɓa in ce sannu, sai shaiɗan ya hau kaina. Na ce kowane sati da ta ƙara, kuɗin tukunya biyu ne a kai. Ta ce, "Haba Maman Danjuma, yaushe muka yi haka da ke?" Na ce yau muka yi. Wallahi ba mu taɓa yi ba, a take na ƙirƙira, don na ga ba ta da wani wurin ɗaukar kaya sai nawa. Ta ajiye na hannunta ta tafi. Bayan kwana takwas ta aiko da ƙarin kuɗin ta hannun wani direba. Daga baya na ji akuyarta ta sayar, mai ciki.

Ba ta sake zuwa ba. Na taɓa hango ta a wajen wani biki, muna haɗa ido ta juya ta bi wata hanya. Ta rasu ban nemi gafararta ba. Kuɗin nan ko me na yi da su ban tuna ba, amma fuskarta lokacin da ta ce "yaushe muka yi haka" tana nan, ko da idona ya rufe ina ganinta.

To kin ga na tsaya a gefe biyu. An ci ni tara, na kuma ci wata. Abin da na gane shi ne tara iri biyu ce. Akwai wadda aka faɗa tun farko, kowa ya ji ya yarda, kuma ta yi daidai da ɓarnar. Irin ta Iya Tani ke nan, tana da zafi amma ba ta da ƙaiƙayi, in ka biya sai ka yi barci. Akwai kuma irin tawa, wadda mai ƙarfi ke ɗorawa don ya ga ba ka da wurin zuwa. Wannan ko an rubuta ta da ruwan zinariya cuta ce, kuma Allah yana gani, ko mutum ne ko banki.

Ban san wace iri ce taki ba, ke ma kuma ba ki sani ba, tunda da na tambaye ki ko kin karanta takardar da kika sa wa hannu, sai kika ce, "Mama, wa ke karanta waɗannan ƙananan rubutun?" Auta! Ni da ban iya ba, ko tukunyar miya zan saya sai na ƙwanƙwasa na ji ƙararta. Ke da aka sayar da randuna aka kai ki har jami'a? Ki je ki ce su nuna miki inda aka rubuta. In an rubuta tarar makara kin kuma sa hannu, ta farkon nan taki ce, ki biya ba tare da zagi ba. Waɗanda suka hau kanta kuwa, ki zauna ki yi ciniki kamar 'yar maginiya. Ki nuna musu shaidar ranar da albashi ya shigo, ki ce ga watannin da na biya ban taɓa makara ba, ku dubi wannan. In yaron da ke kan tebur ya ce ba shi da iko, ki ce a kai ki wajen ogansa. Wanda ya zo da kansa da kuɗi a hannu bakinsa ya fi na wanda aka kamo kaifi.

Rifkatu ta tafi ɗora tukunya, yanzu Malam Sani ne ya karɓi biron, tsohon akawun nan na bayan coci. In kin ga rubutu ya canja, shi ne. Ya ce in gaya miki duk abin da kuka yi da banki ki ce su ba ki a rubuce da hatimi, kada ki yarda da "ba komai, Madam, mun gyara". Na ce ya sa, tunda shi ya san su.

Saura wauta ta uku, ita ce sabuwa, kuma ita ta fi ba ni kunya. Ranar da likita ya faɗi kuɗin aikin idona, na ji adadin da kunnena. Na san albashinki bai kai nan ba, ga hayar ɗaki a Kubwa, ga kuɗin mota kullum. Kika ce, "Mama kar ki damu, akwai." Zuciyata ta ce tambaye ta daga ina. Ban tambaya ba. Ina son in gani, Auta. Na ji tsoron in na tambaya amsar za ta hana ni idona, sai na yi shiru na bar ki kika ɗauki kayan ke kaɗai. Wata bakwai ina yawo ina nuna wa mutane ido ina cewa autata ce ta yi mini, ban san kina can kina juya kwabo ba. Ki yafe mini wannan.

Saboda haka bashin nan kada ki ce naki ne ke ɗaya. A cikin kaina yake, da shi nake kallon duniya. Kuma daga yau, in za ki yi mini wani abu, ki gaya mini da me za ki yi. In na bashi ne mu zauna mu auna tare. Wani abin zan ce a yi, wani in ce a bari sai kaka. Can Kalaba ma haka. Za ki tarar da sababbin ƙawaye, za a yi anko, za a ce ɗakinki ba kujera. Katin nan ba ya nauyi a jaka, shi ya sa yake da haɗari. Mu da muke ɗauko bashinmu a kafaɗa, tun a hanya muke sanin nauyinsa. Kafin ki miƙa shi, ki tambayi kanki ranar biya da me za ki biya, in kuma albashi ya sake makara fa? In ba amsa, mayar da shi jaka. Ciwo da yunwa kawai na yarda a ci musu bashi.

Yanzu ga abin da na yanke. Na ɗauki adashina na wannan wata, na roƙi Maman Bulus da muke zubi tare ta ba ni layinta, ita ta karɓi nawa a baya. Manyan randunan nan uku da na ajiye ma wani mai otal ya saya. Malam Sani ya ƙirga, ya ce zai rufe tarar farko har ya taɓa uwar kuɗin. Na ƙulle su a bakin zane. Kada ki ce ba za ki karɓa ba, ba kyauta na ba ki ba, rabona nake biya.

Kuma ba aikowa zan yi ba, tare za mu je. Ban taɓa shiga banki ba tunda aka haife ni. An ce ƙofarsu wani akwati ne mai haɗiye mutum ɗaya-ɗaya, ya rufe ka a ciki yana magana da Turanci, in bai yarda da kai ba ya tofo ka waje. Tun da aka ba ni labari gabana ke faɗuwa. Malam Sani yana dariya, wai ƙarfe kawai take nema, in cire awarwarona. To zan cire. Zan shiga, in kina riƙe da hannuna har bakin akwatin. Ba zan yi magana ba, ke za ki yi. Ni dai in zauna a gefenki su ga idon da kuɗinsu ya gyara, in kuma ce musu na gode, don ko me suka yi daga baya, ranar da muke nema sun bayar.

Abin da nake tsoro ɗaya ne. Kada ki hau motar Kalaba da wannan abu a bayanki, ki zama mai jin waya ta yi ƙara gabanta ya faɗi, sunanki ya ɓaci a wurin aikin da kika sha wuya kafin ki samu. Ina so ki sauka garin mutane da wuyanki a miƙe.

Ran Talata da hantsi zan tsaya a bakin titi wajen masu lemu, da zanena mai ruwan ƙasa. In kin zo, alhamdu lillahi. In ba ki zo ba har rana ta take, zan hau mota ni kaɗai in ce a kai ni banki. Kin kuwa san ban san wanne ba ne, ban kuma san inda ake sauka ba. Sai ki zaɓa.

Allah ya huci zuciyarki, ya ba ki baki mai laushi a gabansu, ya sa su ma su ji tausayi. Ya sauke miki wannan nauyi kafin ki ɗaga ƙafa. Ya kai ki Kalaba lafiya, direba ya yi tuƙi da hankali, ki tarar da maƙwabta na kirki da ruwan sha mai kyau. Ya tsare ki da rana, ya tsare ki in kin kwanta, ya dawo mini da ke in gan ki da idon nan biyu. Danjuma da matarsa suna gaishe ki, Rifkatu da Malam Sani ma haka.

Ni ce mahaifiyarki,
Maman Danjuma, Ushafa.